Don Hilario da Hannun da ke Riƙe da Linzami

Kafin ƙararrawar coci ta kira masu addu'ar safe, Don Hilario Barrales ya riga ya fito. Zai tsaya a bakin kasuwa ya karɓi kunun masara, ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce wa mai kunun, "Yau ma gonar rake guda kika juye a ciki." Ita kuma ta ce, "To ajiye mana, tsoho." Bai taɓa ajiyewa ba. Sai ya shanye tas, ya goge gashin baki da bayan hannu, ya ratsa dandali, ya gangara matakalar da ke bayan ɗakin karatu na gari, ya shige ɗakinsa na wankin hoto ya ja ƙofa. Da zarar jar fitilar nan ta kama, ko gobara ce ta tashi, sai dai ka ƙwanƙwasa ka jira.

Haka muka san shi a nan Santa Rita shekara kusan arba'in. A wannan makon zai miƙa makulli, gwiwoyi sun ce sun gaji da matakala. An ce za a yi masa ɗan biki, shugaban gari zai yi jawabi. Na san jawaban nan, na sha su har sun ginshe ni: a fara da Janar Ocampo, gwarzon yankinmu, a ƙare da Janar, a tsakiya a tuna da mai bikin in lokaci ya ragu. Shi ya sa na ce bari in riga su.

Ga waɗanda suka taso daga baya, ga yadda abin ya samo asali. Lokacin juyin juya hali, sa'ad da iyaye da kakanninmu suka ajiye addar saran rake suka ɗauki bindiga don a maido musu gonakinsu, akwai wani mai hoto da ke bin rundunar yankinmu da akwatinsa a kan alfadari. Ba wanda ya riƙe sunansa, ba wanda ya san inda ya ƙare. Abin da ya bari shi ne sanduƙi biyu cike da gilasai, a kan kowanne hoto kwance, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. A rumbun wani tsohon kantin magani aka tsince su, danshi ya manne wasu da wasu kamar wainar da ta kwana. Aka rasa yadda za a yi da su, sai aka tura wa Hilario, wanda a lokacin hotunan aure da na baftisma yake ɗauka. Aka ce ya fitar da manyan mutane a rataye a majalisa, sauran kuma ya san inda zai zuba su.

Ya fitar da manyan. Sauran bai zubar ba.

Doka guda ya kafa wa kansa tun daga ranar: duk abin da gilashi ya ɗauko sai ya fito a takarda, daga wannan gefe har wancan, ko da jelar kare ce. Ina tsaye wata rana wani ɗan majalisa ya ce masa, "Don Hilario, cire mana matar nan mai tulu, ta ɓata hoton." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ranka ya daɗe, ita tana wurin. Ni da kai ne ba ma nan."

Ni tarihi na koyar har na yi furfura, kuma abin da na fi ji a bakin mutane shi ne wai hoto ba ya ƙarya. To, na yarda. Amma almakashi fa? Ku dubi zanen bangon majalisarmu. Janar Ocampo a kan farin doki, dokin ya tsaya cak kamar dasa shi aka yi, Janar yana hangen gobe da jibi. Daga wani tsohon katin hoto na tun zamanin yaƙin aka kwafa shi, wanda kusan kowane gida ke da shi a bayan madubi. Tun ina yarinya akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da katin: a ƙarƙashin haɓar dokin, daf da inda takarda ta ƙare, akwai yatsu riƙe da linzami. Mai zanen bango ya share su, amma a katin suna nan. Na tambayi malaminmu, ya ce in zauna. Na tambayi fadan cocinmu, ya ce hannun Allah ne bisa mai gaskiya. Na ce ashe hannun Allah ɗan ƙarami ne haka, aka kore ni waje.

Bari in ajiye yatsun tukuna, zan dawo kansu.

Abin da ya sa gari ya san Hilario shi ne igiyar shanya. Ƙarshen Oktoba, lokacin da kowane gida ke share ɗaki don kafa teburin mamata, kasuwa ta cika da fure mai ruwan ɗorawa da ƙamshin turaren ƙaro, sai ya ɗaura igiya daga bishiyar tsakiyar dandali zuwa sandar fitila, ya jera hotuna da maƙalan shanyar matarsa, Doña Amparo. Mu dai mun tashi mun ji cewa mamaci ba ya gane gidansu in bai ga fuskarsa a kan tebur ba. Ni ban taɓa mutuwa ba balle in tabbatar. Abin da na sani shi ne, masu hali suna da hotunan kakanninsu cikin firam na azurfa, 'ya'yan masu saran rake kuwa sai dai su kunna kyandir a gaban bango. Hilario ba ya rubuta suna a ƙasan hoto. Kowa ya zo ya duba, in ka ga naka ka cire ka tafi da shi, gobe za ka tarar ya rataye wani a gurbin, don mutum ɗaya kan zama kakan gida goma.

An sha kallo a gindin igiyar nan. Shekara guda gidan Tapia da gidan Galindo suka kusa ba hammata iska a kan wani mai gashin baki da ɗamarar harsashi, kowa na rantsuwa da Budurwa Maryamu cewa kakansa ne. "Dubi hancin!" "Hancin me? Dubi kunnen, duk zuriyarmu haka yake kamar hannun tukunya!" Aka ce Hilario ya raba gardama. Ya gangara ƙasa, ya dawo da biyu, ya miƙa wa kowa ɗaya. "Ku bar bawan Allah ya ci abinci gida biyu," ya ce, "da ransa bai ƙoshi ba." Har yau mutumin nan yana shan miyar gida biyu duk Nuwamba, kuma yanzu gidajen sun haɗa aure.

Akwai kuma mahaucin nan da ya cika mu da labarin kakansa, wai shi kaɗai ya tare gada. Ya zo ya same shi a kan igiya, tabbas shi ne, har tabon goshi, sai dai da hular sojan gwamnati, abokan gabar 'yan juyin juya hali, a kansa. Hilario ya matso ya nuna masa ƙafafun mutumin, ba takalmi, ya ce, "Kama su ake yi a gona a ɗora musu hula. Duba da kyau, ka ga alamar wanda ke son zama a wurin?" Mahauci ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hoton ya sa a ƙirji ya ce, "Kakana ne, ko tukunya ya kifa a ka." Tun daga nan bai ƙara maganar gada ba, mu ma muka huta.

Kai ne, Hilario, ka mai da dandali ɗakin gaisuwa tsakanin masu rai da waɗanda suka riga mu. Mai jar fitila, ba ka taɓa cewa wannan babba ne wancan ƙarami ba. Ruwan da ka wanke Janar da shi, da shi ka wanke mai ɗebo masa itace.

Amma akwai wadda igiya ta daɗe ba ta yi wa rana ba, ita ce Doña Petra Nava, mai sayar da ganyen miya a ƙofar kasuwa. A sansanin 'yan tawaye aka haife ta. Uwarta, Tomasa, tana cikin matan nan da ke bin runduna da dutsen niƙa da kasko, su toya waina, su ɗaure rauni, in ta kama su ɗauki bindigar wanda ya faɗi. Ranar da sojan gwamnati suka cinna wa ƙauyensu wuta, Tomasa ta kwance goyo ta miƙa wa ƙanwarta, da mayafin da komai, ta ce ta gudu kan dutse da jaririyar. Ba a ƙara ganinta ba. Petra ba ta san fuskar uwarta ba. Mayafin kawai ta gada, mai shuɗin zare, da wani babban faci a kusurwa wanda aka yanko daga buhun sukarin gandun masu gida, har da rabin tauraron tambarinsu a jiki.

Duk shekara sai ta rufe teburin ganyenta ta zo da mayafin a kafaɗa, ta bi igiya daga wannan kai zuwa wancan, tana leƙa kowace mace. Ba fuska take duba ba, faci take nema. In ta kai ƙarshe sai ta ce, "Yaro, bana ma ba ta zo ba?" Yaro take ce masa, da furfurarsa. Shi kuma ya ce, "Hanya ce da nisa, Doña Petra." Ta koma gida ta kafa tebur, ta ajiye burodi da ruwa da gishiri, a tsakiya firam ba komai a ciki.

Sai shekarar da yanar ido ta fara rufe mata gani. Likita ya faɗa mata gaskiya, aiki ba zai yi ba, in Nuwamban baɗi ta zo sai dai ta ji da kunne. Ita ce ta ba mu labari da bakinta tana dariya, wai ta ga abin da ya ishe ta a duniya. Amma na ga yadda ta shafa facin nan lokacin da take faɗa, Hilario ma ya gani.

Akwai ragowar gilasai da ya daɗe yana tsoron taɓawa, waɗanda danshi ya haɗe su gam. In ka ɓanɓare da gaggawa, hoton zai yage ya bi wancan gilashin, ka rasa biyun. Ya bar su yana cewa wata rana. To, wata ranar ta zo ta same shi. Tun daga damina ya duƙufa, ya sa su cikin akwati da jiƙaƙƙen tsumma su yi laushi, yana zura bakin reza kaɗan kaɗan, yau ya samu faɗin farce ya bari sai gobe. Bai san ko Tomasa na ciki ba. Wasu sun lalace a hannunsa, kuma Amparo ta ce duk ranar da hakan ta faru ba ya iya cin abinci. "Na ce masa, kai da ba ka san su ba? Ya ce ai shi ya sa, yanzu ba wanda zai san su."

Ana saura kwanaki kaɗan bikin mamata, Amparo ta shigo mini gida ranta a ɓace. "Malama Otilia, zo ki ga abin da mutumin nan ya yi mini. Ya kwashe wankina ya zubar a ƙasa, ya cika kwamin wankin da ruwan maganinsa mai wari, wai farantansa sun yi ƙanana. Rigar zuwa cocina ce a cikin ƙura!" Na ce me yake wankewa haka? Ta ce, "Ya hana ni gani. Shekara nawa ina wanke masa wando, yau ni ake ɓoye wa abu."

Ranar da aka ɗaura igiya da hantsi, sai ga shi da takarda naɗe, faɗinta ya kai taga. Ya rataye ta can ƙarshe, ya koma gefe ya harɗe hannu kamar ba shi ba. Mutane suka taru. Janar Ocampo ne a kan farin dokinsa, wanda muka sani, sai dai wannan karon takardar ba ta ƙare a haɓar doki ba. Yatsun nan nawa sun samu hannu, hannu ya samu kafaɗa. Wata 'yar siririyar mace ce, ba takalmi, ta dafe ƙasa da ƙafa biyu, ta riƙe linzami gam, tana hararar mai hoto kamar ta ce yi sauri ina da kasko a wuta. Ashe ba kwarjinin Janar ne ya tsayar da doki ba. Ba na rage wa Janar komai, ya yi yaƙi kuma a kansa ya mutu. Amma in ka ga wani a inuwa, wani na rana.

Ba wanda ya ce wa Doña Petra komai. Ta fara daga kan igiya yadda ta saba, hancinta kusan yana taɓa takarda, har ta iso ƙarshe. Ta tsaya. Ta ja baya, ta matso. Sai ta ɗora yatsa a kan kusurwar mayafin goyon matar, inda rabin tauraro ya fito ɓaro-ɓaro, girman tafin hannu, yadda ko mai yana zai gani. Da ɗaya hannun ta laluba kafaɗarta.

"Ke ce?" ta ce. "Ashe gajera ce ke. Ni da nake ce miki doguwa."

Daga nan ta bi da yatsa zuwa fuskar, ta daɗe a wurin. Mu kuwa kowa na neman abin share ido, har mahauci. Doña Fidencia, mai jan addu'ar mamata a unguwarmu, ita ta fara magana. Ta nuna wani ɗan kai da ya leƙo ta bayan kafaɗar Tomasa, baki a wangame. "Petra, ga ki nan! Wallahi tun lokacin bakin nan ba ya rufuwa!" Dandali ya kece da dariya, Petra ta fi kowa.

Sai kuma fuskar Fidencia ta canja. Ta yi alamar gicciye ta ce, "Tsaya. Wannan ba zai hau tebur ba. Akwai mai rai a ciki." Kowa ya san maganar: in ka ɗora hoton mai rai cikin na mamata, ka ba su izini su tafi da shi. Na ce, "Haba Fidencia, wa ya taɓa dawowa ya ce haka aka yi da shi?" Ta ce, "Malama, ke da littattafanki. Ni ba zan ja addu'a a gaban teburin ba." Petra kuma ba za ta kafa tebur ba Fidencia ba, ni ma na sani. Ga uwa ta iso bayan shekara tamanin da ɗoriya, ga ƙofa a rufe.

Hilario ya dubi hoton, ya dubi tsohuwar. Ya juya ya ce, "Amparo, ba ni almakashinki." Amparo ta dafe ƙirji. "Kai? Almakashi?" Ta ciro shi daga aljihun gaban riga ta miƙa masa kamar mai miƙa maciji. Ya sauke hoton, ya ɗora bakin almakashi daidai kafaɗar Tomasa. Ni shaida ce, da ya yanka. Dokar da bai karya wa ɗan majalisa ba, ya yarda ya karya ta don mai sayar da ganye.

Petra ce ta cafke masa wuyan hannu, irin riƙon da uwarta ta yi wa linzami.

"Ajiye, yaro. Soja sun raba mu sau ɗaya, ya isa."

"To teburin fa, Doña Petra?"

Ta zare mayafin daga kafaɗarta, ta ɗora kusurwar mai faci a kan ɗan kan nan, ta gyara shi a hankali yadda ake rufe goyo in iska ta taso, ta karɓi maƙalin shanya guda ta maƙale. Sannan ta juyo. "Yarinya ta yi barci. Fidencia, kin ga mai rai a nan?"

Fidencia ta leƙa ta dama, ta leƙa ta hagu, ta tsuke baki. "Ni dai Tomasa kaɗai na gani."

A shekarar nan rabin gari ya bi ta gidan Petra gaida Tomasa. An ci, an sha, masu kiɗa sun zo ba wanda ya kira su. Amparo ta yafe maganar rigar coci, ko da yake takan tuno da ita in sun yi faɗa.

Idon ya rufe kamar yadda likita ya faɗa. Mamata kuwa ba su tafi da kowa ba, Fidencia na cewa saboda mayafin ne, ni ina cewa abin da nake cewa. Doña Petra ta haura casa'in, tana nan da bakinta. Duk shekara da laluben hannu take rufe goyon, ba ta yarda wani ya taya ta. Jiya da na je gaya mata zan yi wannan rubutu, ta ce in saka saƙonta: "Ki ce wa yaron ya huta da ni. Ranar da na tafi ba sai an nemi hotona ba. A yaye mayafin kawai, ina nan a bayan uwata."

Don Hilario, mun gode. Mun gode da ƙamshin maganin da ya kama rigunanka, da idon da ka ƙarar a jar fitila, da maƙalan Amparo da ba ka taɓa mayarwa cikakku ba. Kai ne ka nuna mana cewa juyin juya halin nan da ake zana mana a bango da doki da takobi, da ƙafa ba takalmi aka yi shi, kuma masu ƙafafun suna da 'ya'ya a kasuwa. An ce gilasan za su shiga na'ura yanzu, kowa ya gani daga ɗakinsa. Madalla. Roƙona ga wanda zai gaje ka, da malaman makaranta, da duk mai ba jikoki labari: ku fitar da abu har gefensa. In kun ga yatsu a bakin takarda, ku tambaya na wane ne, ko da za a kore ku waje.

Ranar biki kuma za a ɗauki hoto. Na san yadda za a yi: shugaban gari a tsakiya, 'yan majalisa dama da hagu, mai bikin kuwa zai sulale ya koma can ƙarshe, rabin kafaɗarsa a waje, hula a hannu. Kai mai ɗaukar hoton, ko wane ne kai, ina nan zaune a layin gaba da sandata. Kada ka kuskura ka yanke gefen.